Cocin Wies: Abubuwan Ban Mamaki 24 Game da Ginin da Aka Kafa a Makiyayar Shanu

A kudancin Jamus, cikin jihar Bavariya, daidai inda ƙasa ta fara tudu tana hawa zuwa tsaunukan Alps, akwai wani cocin Katolika da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar makiyaya. Babu gari a jikinsa, babu kasuwa, sai 'yan gidaje ƙalilan, da daji, da shanu masu ƙararrawa a wuya. Duk da haka, mutum wajen miliyan ɗaya ke zuwa ganinsa a kowace shekara. Jamusawa suna kiransa Wieskirche, wato Cocin Wies. Abin da ya sa labarinsa ya cancanci a ba da shi shi ne, kusan duk ƙawar da ke cikinsa da kaya masu araha aka yi ta: katako, farar ƙasa, fenti. Hannun gwanaye ne ya ɗaga darajarsu. Ga abubuwa 24 da za su ba mai karatu mamaki.

1. Da guntattakin katako aka haɗa abin da ake zuwa gani

A shekarar 1730, gidan 'yan zuhudu na Steingaden, wani gari da ke kusa da wurin, yana bukatar mutum-mutumin Yesu Almasihu da za a zaga gari da shi ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da wahalarsa, gabanin bikin Ista. Mutum biyu na gidan, Fada Magnus Straub da Ɗan'uwa Lukas Schweiger, ba su nemi masassaƙi ba. Sassan tsofaffin mutum-mutumi na katako suka tattaro, suka harhaɗa, suka naɗe mahaɗar gaɓoɓin da ƙyalle, suka bi da fenti. Abin da ya fito shi ne siffar mutum a tsaye, ɗaure da sarƙa a jikin wani gajeren ginshiƙi, jikinsa duk shatar bulala.

2. Sau uku kawai aka fita da shi, aka jingine

Daga 1732 zuwa 1734 aka riƙa zagayawa da shi, daga nan aka ce ya isa. Siffar ta cika ban tausayi, tana tayar wa jama'a hankali, ga shi kuma aikin ba na ƙwararru ba ne. Ƙarshenta sai aka kai shi ɗakin ajiyar komatsai a saman gidan saukar baƙi na Steingaden, ya zauna can ƙura tana rufe shi.

3. Matar wani manomi ce ta roƙa aka ba ta

Maria Lory matar manomi ce da ke zaune a wata gona mai suna Wies, 'yar tazara daga Steingaden. A 1738 ta roƙi mai gidan baƙin ya ba ta wannan abin da kowa ya manta da shi, ya ba ta, ta kai ɗakinta tana addu'a a gabansa. Ranar 14 ga Yuni 1738, da maraice, ta ce ta ga ɗigon ruwa a fuskar mutum-mutumin, ta kuma ɗauke shi a matsayin hawaye. Daga wannan ɗakin na matar manomi duk labarin ya taso.

4. Manyan addini ba su yi saurin gaskatawa ba

Ba da tafi aka karɓi maganar ba. Shugaban gidan zuhudun ya yi taka-tsantsan da ita, daga baya kuma hukumar cocin ta Augsburg, wadda yankin ke ƙarƙashinta, ta sa aka bincika. Binciken bai yanke cewa mu'ujiza ce ba, amma an bar ziyara ta ci gaba. Kafin manya su gama shawara, talakawa sun riga sun yanke tasu. Labari ya bazu ƙauye-ƙauye cewa masu ciwo suna samun sauƙi, masu damuwa suna samun biyan bukata, hanyar gonar Lory ta cika da masu tafiya a ƙasa.

5. Ɗan ƙaramin ɗakin ibada na farko yana nan har yau

Wajen 1740 aka gina wani ɗan ɗakin ibada a bakin gonar, aka mayar da mutum-mutumin ciki. Bai daɗe ba ya yi kaɗan, aka ƙara masa rumfar katako, ita ma ta kasa ɗaukar jama'a. Wannan ɗan ɗaki bai rushe ba. Yana gefen hanyar da ke hawa zuwa babban cocin, kuma baƙi da yawa suna wuce shi da sauri ba su san a nan aka fara ba.

6. An fara gini ƙasa tana fita daga yaƙi

Tun 1740 Turai ke cikin yaƙin gadon sarautar Ostiriya, kuma Bavariya ta sha wuya a ciki, har sojojin Ostiriya suka mamaye babban birninta, Munik. A watan Afrilun 1745 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a garin Füssen, wanda bai fi tafiyar rabin sa'a a mota daga Wies ba. A wannan shekarar aka fara ginin. Shugaban gidan zuhudun da ya ɗauki niyyar aikin, Hyazinth Gassner, ya rasu a 1745 ɗin, magajinsa Marianus Mayer ya ɗora. Wani abin mamaki kuma, bikin aza tubalin farko sai ranar 31 ga Agusta 1746 aka yi shi, lokacin da magina sun riga sun yi nisa. An keɓe ɓangaren bagade a 1749, aka shigar da mutum-mutumin, sannan aka keɓe ginin gaba ɗaya ranar 1 ga Satumba 1754.

7. Maginin ɗan shekara 60 ne, kuma magajin gari

Dominikus Zimmermann, wanda aka haifa a 1685, shi aka damƙa wa aikin. Ba da zanen gine-gine ya fara sana'a ba. Mai zayyanar bango ne, mai ƙera bagade, a hankali ya zama magini. Ya zauna a garin Landsberg da ke bakin kogin Lech tun 1716, ya ƙawata fuskar zauren majalisar garin, ya shiga majalisar, har ya zama magajin gari a daidai shekarun da yake gina Wies. Ya bar sunansa a rubuce a ƙarƙashin barandar kayan kiɗa, ya kira kansa magini daga Landsberg.

8. Wa da ƙane suka raba aikin

Yayan Dominikus, Johann Baptist Zimmermann, haifaffen 1680, mai zane ne kuma mai zayyana a fadar Munik. Shi ya yi zayyanar Amalienburg, wani ɗan gidan shaƙatawa na sarauta a lambun fadar Nymphenburg, wanda ake lissafawa cikin mafi kyawun ɗakunan Turai na zamanin. Hannun da ya yi wa sarakuna ado shi ya zo ya yi wa manoma. Lokacin da yake zana babban rufin Wies, a 1753 da 1754, ya haura shekara 70, yana hawa dandamalin katako yana aiki kansa a ɗage. Ƙane ya tsara gini yadda haske zai faɗa wa zanen wa, wa kuma ya yi zane yadda zai ƙarasa abin da ginin ƙane ya faro.

9. Ƙauyensu ya cika Turai da masu zayyana

'Yan'uwan biyu 'yan yankin Wessobrunn ne, wani ƙauye da ya tashi a inuwar tsohon gidan zuhudu. A ƙarni na 17 da na 18, wannan ɗan wuri ya fitar da masu zayyanar farar ƙasa sama da 600 da tarihi ya riƙe sunayensu. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Da sanyi ya wuce sai maza su ɗauki kayan aiki su bazu, wasu fadojin sarakuna, wasu coci-coci, har ƙasashen waje, su dawo gida idan ƙanƙara ta sauka, don a cikin tsananin sanyi ba a aikin farar ƙasa.

10. Waje shiru, ciki biki

Wanda ya hango cocin daga nesa ba zai yi zaton komai ba. Bango ne mai launin fari da rawaya-rawaya, jan rufi, da hasumiya guda ɗaya marar tsawo sosai. Masu lura suna nuna yadda tashi da saukar rufin suka yi kama da layin duwatsun Trauchgau da ke bayansa. Da mutum ya tura ƙofa sai labari ya sha bamban: farin bango yana walƙiya, ruwan zinariya yana bin gefuna, shuɗi da ja da kore suna hawa har sama. Wannan salon ado mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda ya taso daga Faransa a ƙarni na 18, shi ake kira Rokoko, kuma masana da dama suna ganin a Wies ya kai ƙololuwarsa.

11. Zauren siffar ƙwai gare shi, kuma da dalili

Yawancin coci-coci dogaye ne, masu kusurwa huɗu. Babban zauren Wies kuwa kewayayye ne mai ɗan tsawo. Ginshiƙai 16, an jera su bibbiyu a wuri takwas, suna tsaye ɗan nesa da bangon waje, suka bar siririyar hanya tsakaninsu da shi. Wannan hanyar don masu ziyara aka yi ta. Ayari zai shigo, ya bi ta gefe, ya isa gaban mutum-mutumin, ya zagayo ya fita ta ɗaya gefen, ba tare da ya kutsa cikin masu ibada a tsakiya ba. Maginin ya san cunkoso zai yi yawa, sai ya tsara ginin bisa tafiyar ƙafafun jama'a.

12. Kubbar da ake gani ba kubba ba ce

Duk wanda ya ɗaga kai zai rantse wata doguwar kubba ce ta dutse a samansa. Alhali tsakiyar rufin kusan a shimfiɗe yake, kuma na katako ne. Siraran katakai aka jera, aka rataye su a jikin manyan gumaguman da ke ɗauke da rufin waje, aka shafe da filasta, sannan mai zane ya yaudari ido da inuwa da haske har wurin ya yi zurfi kamar sararin sama. Dabarar tana da amfani biyu. Ta rage kuɗi, ta kuma rage nauyi. Da rufin dutse ne, da sai an yi kaurin bango da ƙananan tagogi. Da yake marar nauyi ne, sai aka samu damar yin siraran ginshiƙai da manyan tagogi masu siffofi daban-daban, gilashinsu fari tas, haske yana kwarara ta kowane gefe.

13. Marmarar ma ba dutse ba ce

Ginshiƙan da ke kewaye da bagade, masu jijiyoyin ja da shuɗi, ba daga mahaƙar dutse suka fito ba. Kwaɓa su aka yi. Gwani zai dama garin jibsin da ruwan danƙo, ya raba kwaɓin kashi-kashi, kowane kashi da launinsa, ya dunƙula su wuri guda, ya yayyanka fale-fale. Kowane yanki zai fito da zane irin na marmara. Sai ya manna su a jikin ginshiƙi, ya bari su bushe, ya kankare, ya goge da dutse mai kaushi, ya sake da mai laushi, ya cike ramuka, ya sake gogewa, har fuskar ta yi santsi tana ɗaukar ido. Mai son ganewa sai ya tuna cewa marmarar gaske sanyi gare ta a tafin hannu, wannan kuwa ba ta kai ta sanyi ba. Ribar dabarar ita ce, magini yana samun daidai launin da yake so, ko da babu dutse mai irinsa a duniya. A yau, saboda yawan aikin hannun da take ci, irin wannan marmarar takan fi ta gaske tsada.

14. Zayyanar da hannu aka murza ta, a kan bango

Furanni, ganyaye, ɓawon kifin teku, gajimare, kawunan ƙananan mala'iku da suka cika bangon, yawancinsu a wurin aka siffanta su tun kwaɓin yana ɗanye. Wanda ya taɓa ganin magini a Zariya ko Kano yana fitar da zayyana a fuskar soro kafin laka ta sha iska, ya san irin saurin hannu da natsuwar da aikin ke bukata. Inda adon zai turo waje sosai, sai a kafa ƙusa ko waya ko ɗan katako a ciki ya riƙe shi. Zanen rufin shi ma a kan ɗanyen shafe ake yin sa: a shafa iya inda za a iya gamawa a yini ɗaya, a zana kafin ya bushe, launi ya shige cikin farar ƙasar ya zauna. In an yi kuskure babba, sai dai a farfashe wurin a sake.

15. Zanen ranar hisabi ne, amma kursiyin babu kowa

Wannan shi ne abin da ya fi taɓa zuciya a ginin. Masu zanen Turai sun saba nuna ranar shari'a da wuta da azaba da kururuwa. Johann Baptist bai bi wannan hanyar ba. A zanensa, Yesu yana zaune a kan bakan gizo, yana nuna gicciye, manzanni da mala'iku suna kewaye da shi a kan gajimare. A gefen gabas, saman hanyar shiga wurin bagade, ga kursiyin shari'a an shirya shi tsaf, amma ba a hau ba tukuna. A gefen yamma, saman ƙofar fita, ga ƙofar lahira, kuma a rufe take. Mai shigowa da kursiyin zai fara yin ido biyu, mai fita kuma da ƙofar. Saƙon a fili yake ko ga wanda bai iya karatu ba: hisabi yana tafe, amma har yanzu da sauran lokacin tuba da gyara hali. Mutanen da suka yi kwanaki a hanya ɗauke da ciwo da bashi da baƙin ciki, albishir aka tarbe su da shi.

16. Launuka ma wa'azi suke yi

A wurin bagade ba a sa launi don ado kawai ba. Jan ginshiƙan yana nuni da jinin Yesu, wanda a imanin Kirista aka zubar don ceton mutane, shuɗin kuma yana nuni da alherin da ke saukowa daga sama. A can ƙoli akwai siffar ɗan rago, alamar hadaya. A tsakiyar duk wannan ƙawa, mutum-mutumin nan na guntattakin katako yana tsaye da sarƙarsa, ba a musanya shi da wani mai kyau ba. Babban hoton da ke samansa aikin Balthasar August Albrecht ne, mai zanen fadar Munik.

17. Akwai ɗan Afirka cikin manyan malamai huɗu

A jikin ginshiƙan zauren akwai manyan mutum-mutumi huɗu, sun fi mutum tsawo, aikin Anton Sturm na Füssen. Su ma katako ne aka shafe da fari aka goge har suka yi kama da dutse. Malaman farko ne na cocin Yamma: Jerome, Ambrose, Gregory da Augustine. Shi Augustine a Afirka ta Arewa aka haife shi a shekarar 354, a garin Tagaste, wanda yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya kuma yi bishop a Hippo, wato Annaba ta yanzu. 'Yan zuhudun da suka gina Wies, waɗanda wani mai suna Norbert ya kafa ƙungiyarsu a Prémontré ta Faransa a 1120, ƙa'idar zaman da ake dangantawa da Augustine suke bi.

18. Allunan godiya su ne tarihin talakawa

A hanyoyin da ke gefen bagade an rataye ƙananan allunan katako masu zane, waɗanda masu ziyara suka kawo don cika alwashi. Tsarinsu kusan ɗaya ne: a sama siffar mutum-mutumin Wies cikin gajimare, a ƙasa kuma abin da ya faru. Marar lafiya kwance a gado, iyali durƙushe a gefe, ko dabbobin gida da aka roƙa musu tsari, sai shekara da 'yan kalmomin godiya. Ba manyan masu zane suka yi su ba, hannu da ƙafa sukan fito a karkace, amma a nan ake ganin irin tufafin mutanen, da gadajensu, da abin da ke hana su barci. Al'adar ba ta mutu ba. Har yanzu ana barin wasiƙu, hotuna, carbi da kyandirori.

19. Daga Rasha har Sifaniya aka riƙa zuwa

Cikin 'yan shekaru sunan Wies ya wuce Bavariya, ya shiga Ostiriya, Bohemiya da Italiya. Wani fada mai kula da wurin a ƙarni na 18 ya lissafa garuruwan da baƙi suka fito, har da Petersburg ta Rasha, Amsterdam ta Holan da Cadiz ta Sifaniya, a zamanin da tafiya sai a ƙasa ko a keken doki. Masu komawa gida sukan tafi da ƙaramin kwafin mutum-mutumin ko hotonsa, wasu su gina masa ɗaki a ƙauyensu. Ta haka aka samu kwafe-kwafe masu ɗimbin yawa a tsakiyar Turai. Kusa da garin Freising ma akwai wani wurin ziyara da ake kira Wies, wanda daga wannan ya samo asali.

20. Kuɗin ginin ya ninka fiye da sau huɗu

An ƙiyasta aikin zai ci gulden 39,000 na kuɗin lokacin. Da aka gama, lissafi ya kai wajen 180,000. Gidan zuhudun Steingaden, wanda aka kafa tun 1147, ya afka cikin bashin da bai gama farfaɗowa daga gare shi ba har ƙarshen zamaninsa. Kuma ba wannan ne karon farko ga Dominikus ba. Tsakanin 1728 da 1733 shi da yayansa sun gina wani cocin ziyara a ƙauyen Steinhausen, inda aka amince da gulden 9,000 aikin ya ci sama da 40,000. Shugaban gidan zuhudun da ya ba da wancan aikin, Didacus Ströbele, sai da ya rasa kujerarsa. A Steinhausen ɗin ne masu zayyana suka ɓoye ƙananan tsuntsaye da ƙwari da dabbobin daji a gefunan tagogi, masu ziyara suna nemansu ɗaya bayan ɗaya.

21. Maginin ya gama aiki ya ƙi tafiya

Da aka kammala ginin, Dominikus ya bar Landsberg da matsayinsa a can, ya gina ɗan gida a gindin cocin, ya zauna har rasuwarsa a watan Nuwamban 1766, yana da shekara 81. A 1757 ya zana allon godiya da hannunsa, ya nuna kansa durƙushe gaban mutum-mutumin, kamar kowane baƙo. Zumunci kuma ya ƙullu ta wata hanyar: bayan mijin Maria Lory ya rasu, ɗan maginin, Franz Dominikus, shi ya aure ta. Matar da ta jawo aka yi ginin ta zama surukar wanda ya gina shi. Shugaban gidan zuhudun, Marianus Mayer, shi ma da ya sauka daga muƙami Wies ya koma. Ana danganta masa wani ɗan rubutu na Latin da aka karce a gilashin taga, mai cewa a wannan wuri sa'a take zaune, a nan zuciya ke samun hutu.

22. Saura ƙiris a sayar da shi a rushe

A 1803, zamanin da Napoleon ke sake fasalin Turai, gwamnatin Bavariya ta rufe gidajen zuhudu ta ƙwace dukiyarsu. Steingaden bai tsira ba: an kori 'yan zuhudun, aka rushe yawancin gine-ginen gidan, sai babban cocinsa da aka bar wa mutanen gari. Wies kuwa, a idon jami'an lokacin, gini ne marar amfani a tsakiyar daji, ga salon adonsa ya zama tsohon yayi. Aka yi maganar gwanjonsa da rushe shi. Manoman yankin ne suka tashi tsaye, suka yi ta kai koke, suka nace sai an bar musu wurin ibadarsu, har hukuma ta janye. Ba su san za a zo ana rubuta littattafai a kansa ba. Sun dai san nasu ne, kuma wannan ya ishe su hujja.

23. Shekara ɗaya ya shiga kundin duniya da Taj Mahal

A 1983 hukumar UNESCO ta sa Cocin Wies cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a shekarar da ta sa Taj Mahal na Indiya da Machu Picchu na Peru.  Ba a jima ba aka gano rufin katakon nan yana bukatar ceto, don filasta ta fara rabuwa da katakan da ke riƙe da ita. Daga 1985 zuwa 1991 aka yi babban gyara da ya ci mark miliyan 10.6 na kuɗin Jamus na lokacin. Masu gyaran sun bi wurin taƙi bayan taƙi, suna ƙarfafa abin da ya saki, suna wanke dauɗar shekaru, da niyyar fito da launin da 'yan'uwan biyu suka bari, ba ɗora nasu ba.

24. Har gobe wurin ibada ne, ba gidan kallo ba

Duk da motocin 'yan yawon buɗe ido da ke cika filin ajiye motoci, Wies bai zama gidan tarihi ba. Ana yin ibada a ciki a kai a kai, kuma idan an fara, masu zagayen kallo dakatawa suke yi sai an idar. Ayarin ƙauyuka har yanzu suna zuwa a ƙasa, da gicciye a gaba. A tsakiyar Yuni ana bikin tunawa da hawayen 1738, ranar Lahadin farko ta Satumba ana tunawa da keɓe ginin, a Oktoba kuma 'yan ƙungiyar ibada ta wurin suna nasu bikin. Da bazara akan shirya kiɗe-kiɗen gargajiyar Turai, inda ake jin babban kayan kiɗan bututu da Johann Georg Hörterich ya ƙera a 1757, wanda Claudius Winterhalter ya sabunta cikinsa a 2010 ya bar wasu tsofaffin bututun suna aiki. A bakin hanya ana sayar da wani soyayyen ƙullin fulawa mai barbaɗen sukari, wanda ya zama abincin wurin. Ba a karɓar kuɗin shiga, sai abin da mutum ya ga dama ya jefa a akwatin taimako. Duk wanda hanya ta kai shi kudancin Bavariya, ya yi sammako kafin manyan motoci su iso, ya fara tsayawa a ɗan ƙaramin ɗakin nan na gefen hanya, sannan ya hau tudun.